Shaidar Na'ura a Kan Kanta

Duk sa'ad da aka kawo mini 'yar na'urar intanet daga shagunan titin Ahmadu Bello zuwa Unguwar Rimi, abin da nake fara dubawa shi ne layin da ƙaramar manhajar tayar da na'ura, U-Boot, ke rubutawa da zarar wuta ta shiga, tun babbar manhaja ba ta farka ba, domin a nan ne furosesa ke bayyana saurinta. Akwai wata wadda aikinta lafiya lau, amma adadin da take nunawa ya yi ƙasa ƙwarai, alhali kiristal ɗinta na bugun megahaz 24 daidai wa daida. Bayan dogon tahƙiƙi sai illar ta bayyana a wajen hisabin saurin daga bugun kiristal, inda ake ninkawa kafin a raba, har sakamakon ya zarce 4,294,967,295, wato iyakar abin da gurbin bit 32 ke ɗauka, ya zube kamar hatsin da ya fi ƙarfin mudu. Na faɗaɗa gurbin zuwa bit 64, adadi ya daidaita. Abokan sana'a suna ganin wahala ce marar fa'ida, tunda mai na'ura ba ya duba layin. Ni kuwa hankalina yana kan ɗalibin da zai karanta shi da yaƙini, ya ɗora lissafinsa a kai.