Gaɓa a Ƙarƙashin Alamar Kiɗa

Hausawan ƙauyukan Jazira, waɗanda kakannin da yawansu suka iso Sudan a hanyar Hajji ko bayan yaƙin Burmi na 1903, da haruffan Larabci suka fi sabawa. Ɗalibin da ke son adana waƙar daka ta matansu a manhajar MuseScore sai ya zaɓi tsakanin rubutu biyu.

Ajami yana nuna dogon wasali, amma daga dama yake tasowa, alamomin kiɗa kuwa daga hagu. Tilas a yanka kalma gaɓa-gaɓa, a jera ta a baibai. Boko yana tafiya tare da alamomin, sai dai yana ɓoye tsawo: "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, alhali na tuwon ne gaɓarsa ta farko ke da nauyi.

Manhaja faɗin haruffa take aunawa, ba ta jin nauyin gaɓa. Don haka kafin ɗalibi ya daidaita tazara, ya kamata ya ninka wasali, ya rubuta "gaa-rii", ya zaɓi salon haruffa mai ƙ, ɗ da ɓ. In ya yi sakaci, jikar da ba ta riski kakarta ba za ta rera birni a inda tsohuwar ke nufin abin tuwo.