Gwiwar Malam da Faɗin Bakin Zarto

Ya 'yan'uwa, da wuya a sami gida a Njamena da babu dattijo ko dattijuwa da ciwon gwiwa ya zaunar. Idan allura da shafe-shafe suka gaza, sai dangi su haɗa kuɗi a nufi Tunis, ko Alƙahira, ko Indiya. Haka muka yi da mahaifina, bayan tashi daga sujada ya zame masa aiki, alhali sahu-sahu na jiransa a baya.

Likitan ya zana mini gwiwa a takarda. Ɗaki uku gare ta: na ciki, na waje, da na bayan ƙoƙon gwiwa. Guringuntsin ɗakin ciki ne ya fi saurin cinyewa. In shi kaɗai ya lalace, jijiyoyi kuma suna da ƙarfinsu, ba sai an sauya gwiwar duka ba, sai a gyara wannan ɗaki kawai da ƙarfe da roba. Fitaccen irin wannan ƙarfe shi ne na Oxford ta Ingila, wanda John Goodfellow da John O'Connor suka ƙirƙiro, aka fara sa shi a ɗaki guda a 1982. Yanka kaɗan ne, jini kaɗan, gwiwa kuma ta fi lanƙwasuwa. Ga mai son komawa kan buzunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai abin da ban taɓa ji ba sai a ranar. Kafin ƙarfen ya zauna, sai an yanke kan ƙashin ƙwauri da zarto sau biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, sannan a fafe gurbi domin ɗan harshen da ke ƙarƙashin ƙarfen. In yankan tsaye ya zarce ƙasa ta baya ko da 'yan milimita ne, ko gurbin ya matso kusa da ɓawon ƙashi, ko ƙarfen ya zauna a karkace, ko aka buga shi da guduma fiye da kima, to an bar layin rauni. Duk wanda ya taɓa faskare ya san itace ta inda gatari ya fara shiga yake tsagewa. Haɗarin ya fi ga tsofaffin mata masu raunin ƙashi, da masu ƙaramin ƙashi, da masu ƙafar baka sosai. Karayar ba ta da yawa, amma in ta zo, sai an koma ɗakin tiyata a ɗaure ƙashin da faranti da kusoshi, wani lokaci ma a sauya gwiwar gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacinta. Yawanci tana bayyana ne a makonnin farko zuwa wata 3, wato daidai lokacin da maras lafiyarmu ya dawo gida, kuɗi sun ƙare, likitan da ya yi aikin kuma yana wata ƙasa. Ga 'yan sannu da zuwa, ga zaman tabarma, ga hawa kilando a kan ramuka.

Saboda haka na tambayi likitan, ba tare da jin nauyi ba, sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, domin hannun da ya saba ya fi daidaita ƙarfen. Na karɓo hotunan ƙashi da takardar da ke ɗauke da sunan ƙarfen da girmansa, muka kuma nemi likitan ƙashi a nan gida tun kafin mu sauka. Malam ya yi sallarsa a kan kujera, na'ibinsa ya ja jam'i. Shi da ya karantar da mu babin sallar maras lafiya a Ahalari bai yi gardama ba, ko da yake na ga abin ya yi masa nauyi.

In sabon ciwo ya taso farat ɗaya a gefen ciki na gwiwa, da kumburi, ƙafa ta ƙi ɗaukar jiki, kada a ce sanyi ne, kada kuma a kira maɗori ya ja ƙafar da ke da ƙarfe a ciki. A daina takawa, a je a ɗauki hoto a ranar.