Gotar Nima Rafi Ce

Babbar gotar da ta raba Nima da Maamobi rafi ce tun asali. Ruwa ne mai gudu tun kafin a ɗaure shi da siminti. Yana gangarawa ya faɗa kogin Odaw a wajen Circle, Odaw ya kai shi tafkin Korle, daga nan sai teku. Cikin ɗalibaina babu wanda ya san haka. A wurinsu wajen zubar da shara ce kawai.

Abin da ya tayar da maganar darasi ne a kan kifin salmon. A jihar Washington ta Amurka, 'yan makaranta kan ƙyanƙyashe ƙwansa a aji, su gyara masa rafi da tsakuwa da inuwar itatuwa, su sake shi. In ya girma a teku, sai ya komo inda ya fito ya yi ƙwai. Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malama, mu namu kifin ina zai komo?"

Salmon sai ruwan sanyi, ba zai rayu a Akra ba. Amma muna da karfasa da tarwaɗa. Muka zaɓi ɗan yanki na gotar, duk Asabar mu kwashe ledojin ruwa a buhu. Wahala ce, ga wari. Ruwan sama ɗaya kuma sai ya dawo mana da abin da unguwannin sama suka zubar. Leda ma da sauƙi. Ƙazantar da ke ruɓewa a ciki ita ke shanye iskar da ƙananan kifi ke shaƙa.

Wasu iyaye suka ce wannan aikin hukuma ne. Da gaskiyarsu. Amma ban manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, da magudanai suka toshe, ruwa ya cika Circle, gidan mai ya kama da wuta, mutane sama da 150 suka rasu. Ruwan gotarmu can ya nufa a daren.

Wata tsohuwa mai ƙosai ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Sannunku, jikokina. Da ina yarinya, a nan muke wanki."

'Ya'yan karfasarmu suna nan a duro a bayan aji. Yaran sun ƙi a sake su tukuna. Sun ce sai ranar da suka ga talibambam a gotar.