Wa ya rubuta ranar da baƙon ya zo?

Ke ma kin san irin tambayar da yaro kan jefo miki ki rasa ta cewa. Tawa ta same ni a bakin rijiyar Kusugu, ranar da muka taso daga Mai'adua zuwa Daura kallon Sallar Gani. An gama ba mu labarin Bayajidda ke nan, ɗan sarkin Bagadaza da ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Sai 'yata mai shekara tara ta ce, "Umma, wa ya rubuta ranar da ya zo?"

Na yi tsit. Ni ce fa kullum a asibiti nake yi wa iyaye mata faɗa kan katin rigakafi, ina cewa allurar da ba a rubuta ba, ba mu da shaidar an yi ta.

Tambayar ta bi ni har wurin aikin dare, na yi ta bincike a waya. Ashe Romawa a jikin dutse suke ajiye labarin baƙinsu. A Ankara ta ƙasar Turkiyya, a bangon wani tsohon ɗakin bauta, har yau akwai rubutu da Latin da Girkanci inda sarkin Rum Agustus, wanda ya mutu a shekara ta 14 miladiyya, ya lissafa ayyukansa. Ya ce sarakunan Indiya sun sha aiko masa da jakadu, ya jera sunayen sarakunan da suka gudo wurinsa neman mafaka, har da biyu daga Birtaniya. Masana tarihi na kafa hujja da shi. Sai dai mai masauki ne ke magana, kuma kirarin kansa yake yi, ba a ji ta bakin baƙin ba.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na Firatis, sarkin Fartiya, wajen Iran ta yau. 'Ya'yansa maza huɗu ya tura Rum, Agustus ya ce neman abotarsa yake yi. Biyu daga cikinsu, Sarasfadanis da Rodasfis, can suka mutu. An samu dutse a Rum ɗauke da sunayensu da na ubansu, har da laƙabinsa na sarkin sarakuna. Wadda ta yi naƙudarsu kuwa, ko sunanta babu.

Namu labarin ba shi da dutsen da aka sassaƙa a ranar, ba shi da kwanan wata, shi ya sa masana ke ta ja-in-ja a kansa. Amma ya riƙe sunan tsohuwar da ta ba baƙo masauki. Ban ce wannan ya isa shaida ba, kuma haka na faɗa wa yarinyar, ko da yake ba ta ji daɗi ba.

Juma'ar da ta wuce na ba ta wayata, ta zauna gaban kakarta ta naɗi muryarta tana ba da labarin. A bakin Hajiya, ba don kansa baƙon ya nemi ruwan ba, don dokinsa ne. Ta rubuta wannan a bayan littafin lissafinta, ta sa kwanan wata a ƙasa.