Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Na daɗe ina koyar da 'yan aji biyu a nan Nasarawa Gwom, kuma na halarci horon da ake yi wa malaman firamare kan haɗa darasi da na'ura. Kwana uku aka zaunar da mu gaban kwamfuta, aka ba mu takardar shaida. Muka dawo makaranta ba kwamfuta, ba wuta, ga yara hurhuɗu a benci.

Abin da ya amfane ni, a wayar wata abokiyar aikina na gan shi. Ta je Farin Gada cefane, ta ɗauki hoton tumatir kashi-kashi da buhunan dankalin turawa. Da su take koyar da tarawa da ɗebewa, tana zagayawa da wayar layi-layi. Ta kuma naɗi muryarta tana karanta baƙaƙe da wasula, minti biyu kacal, ta tura wa iyaye mata ta WhatsApp. Wadda ba ta da data, sai maƙwabciya ta tura mata ta Xender. Yaron da ke kunyar buɗe baki a aji, sai ga shi yana bita a tsakar gida.

Ba mu manta 2020 ba, da korona ta rufe makarantu, 'ya'yanmu suka yi watanni ba karatu. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da dubban darussa. Madalla. Sai dai malamin aji ne ya san wane yaro ke rikita "b" da "d", kuma shi ya dace ya haɗa masa maganinsa.

Don haka roƙona ga SUBEB ta Filato da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna: a kawo horon cikin makaranta, a kan wayar da malami ke riƙe da ita, a kuma dawo a ga abin da ya haɗa. A koya mana kada mu watsa hoton yaro ba izinin iyayensa.

Mu ma 'yan unguwa da namu. Samarinmu masu gyaran waya sun iya yanka bidiyo, su ba malamai awa ɗaya ran Asabar. Iyaye kuwa, in saƙon malama ya shigo, don Allah a miƙa wa yaro wayar. Allah Ya yi wa zuri'a albarka.