Gizagon Mahaifina Da Ɗan Katakon Da Ya Sasanta Mu

Mahaifina masassaƙi ne, haka ma mahaifinsa. A ƙauyenmu, can ƙasar Zazzau, da wuya ka shiga gidan da babu turmi ko akushi ko kujerar mata wadda ta fito daga hannunsa. Tun ina ƙarami, abin da kan tashe ni daga barci shi ne ƙarar ƙarfe a kan dutse. Bayan sallar asuba yakan zauna a gindin ɗorawar ƙofar gida, ya ajiye ƙoƙon ruwa a gefe, ya yi ta wasa gizago da wuƙaƙensa kafin ya taɓa ko da guntun icce. Ban taɓa ganin ya auna kome ba. Hannunsa ne ma'auninsa, babban yatsansa kuwa shi ne alƙali.

Ni ban gaji sana'ar sosai ba. Na yi makarantar koyon sana'a, na zama kafinta, sa'an nan neman abinci ya kai ni Ikko. A can na saba da injin wasa ƙarfe mai aiki da lantarki, har na soma ganin dutsen Baba kamar ɓata lokaci ne kawai.

A shekarar 2017 na je gida Babbar Salla, na tarar da gungumen ƙirya guda uku a zaure, rana ta soma tsaga su, ba a ko fafe su ba. Da na tambayi Inna sai ta rage murya, ta ce hannun Baba ya soma rawa. Sara bai gagare shi ba, domin nauyin gizago yakan taimaki hannu. Washi ne ya gagara. In ya ɗora ƙarfe a kan dutse sai hannu ya yi ta lilo, bakin gizago ya fito a dunƙule, ya ƙi cin icce. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya cewa a wasa masa.

Washegari, ba tare da na shawarce shi ba, na ɗauki gizagon na tafi da shi gari wurin wani mai inji. Cikin minti biyu tartsatsi ya tashi, ƙarfe ya yi fes, sai dai bakinsa ya yi wani shuɗi-shuɗi. Na komo gida ina taƙama. Baba ya karɓa, ya dube shi, ya shafa da yatsa, ya tashi ya nufi gungumen ƙirya. A sara na uku bakin gizago ya lanƙwashe kamar gwangwani. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wannan gizagon ya girme ka. Da shi na ciyar da kai, da shi na biya maka kuɗin makaranta. Yau ka ƙone shi a wuni guda." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Abin kunyar shi ne an koya mini dalilin wannan a makaranta, na manta. Sa'ad da maƙeri ya gama ƙera gizago, sau da yawa daga tsohon sifirin mota, yakan gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko mai domin ya yi tauri, sa'an nan ya sāke ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa ɓantarewa. Launin ƙarfen ne ke gaya masa inda zai tsaya. Wajen digiri 230 na zafi yakan yi launin busasshen kara, in kuwa ya kai wajen digiri 300 sai ya koma shuɗi, taurin ya ragu ƙwarai. To, dutsen irin wannan inji yakan juya kusan sau 3,000 a minti guda, bakin ƙarfe kuwa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Watau shuɗin nan da na gani shaida ce cewa aikin maƙeri ya warware. Dole muka mayar da gizagon maƙera aka sāke gasa shi.

Na koma Ikko da abin a raina. Na zauna na yi nazarin mene ne ma kaifi. Ashe ba wani abu ba ne illa fuska biyu na ƙarfe su haɗu a kan layi guda siriri. Sirrin washi duka shi ne a riƙe ƙarfe a kan karkata guda, kada ta sauya daga farko har ƙarshe. Kayan sassaƙa masu yankan icce mai taushi akan wasa su a kan digiri 20 zuwa 25. Wanda za a sari icce mai tauri da shi kuwa yana bukatar wajen digiri 30, domin bakin ya sami ƙarfin jurewa. Abin da hannun Baba ya yi shekaru yana riƙewa ke nan, shi ne kuma abin da tsufa ya ƙwace masa.

Turawa sun daɗe da yi wa wannan matsala dabara. Akwai wani ɗan mariƙi na kamfanin Eclipse na birnin Sheffield a Ingila, mai ƙaramar taya a ƙasa. Akan matse cizal a cikinsa a gangara shi a kan dutse, tsawon abin da ya leƙo na ƙarfen shi ke ƙayyade karkatar. A ƙasar Suwidin kuma, tun shekarar 1973 kamfanin Tormek ke yin inji mai dutse da ke juyawa a hankali cikin ruwa, wajen sau 90 a minti, tare da mariƙai iri-iri, har da na cizal mai kwarmi. Amma ina masassaƙin ƙauye ina kuɗin wannan, balle wutar da za ta juya shi? Sai na ga ai injin ne ke da tsada, hikimar kyauta ce.

Ga abin da na yi. Domin cizal da wuƙa, na yanka ɗan katako mai gangare, tsawon gindinsa santimita 10, tsayin bayansa kusan santimita 4 da rabi, wanda ya ba da wajen digiri 25. Mutum ya kwantar da ƙarfe a kan gangaren, ya tura su tare. Shi kuwa gizago, da yake bakinsa a lanƙwashe yake, sai na juya al'amarin. Na fafe gurbi a jikin gungume inda za a kwantar da shi a ɗaure da robar tayar keke. Na manna ƙaramin dutsen washi a kan doguwar sanda, ɗaya ƙarshen sandar na zura shi cikin zoben ƙarfe da na kafa a jikin turke. Ko hannu ya yi rawa, zoben ba ya rawa.

Na haɗa da dabara biyu. Ta fari, a shafa tawada a bakin ƙarfe kafin a soma. Inda dutse ya goge tawadar nan yake ci, in ta goge baki ɗaya to karkata ta yi daidai. Ta biyu, a ci gaba da washi sai an ji wani ɗan gashin ƙarfe ya taso a bayan bakin, sa'an nan a kawar da shi a kan fata, kamar yadda wanzamai ke yi wa aska.

Da na kai wa Baba kayan a shekarar 2018, kallo ɗaya ya yi musu ya ce, "Yanzu ni za a yi wa sandar makaho?" Na yi shiru, na bar su a zaure. Kwana biyu bai taɓa su ba. A rana ta uku, bayan asuba, sai na ji ƙarar nan da na sani tun ƙuruciya. Na leƙo na same shi zaune gaban turken. Bai ɗago kai ba ya ce, "Zoben nan naka ya yi ƙasa. Wannan bakin na sassaƙa allo ne, ba zai jure ƙirya ba." Ya sa na ɗaga shi kamar faɗin yatsa biyu. Da na auna daga baya sai na tarar ya kai kusan digiri 30 ɗin da ke cikin littattafai, alhali bai taɓa jin sunan digiri ba. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Kafin damina ta faɗi ya gama turame biyu. Ya ƙara shekara uku yana sana'arsa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a kan wannan turken ya koya wa jikansa washi. Yaron ya yi wata shida da sanda, daga baya hannunsa ya haddace karkatar, ya ajiye ta.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantun sana'a da 'yan'uwana kafintoci, kada mu raina dutsen iyayenmu, kada kuma mu ɗauki mariƙi abin kunya. Mariƙi yana riƙe wa almajiri hannu kafin ya ƙware, yana riƙe wa tsoho bayan ƙarfi ya tafi. Amma sanin karkatar da ta dace da kowane icce yana wurin dattawan nan, sai mu je mu tambaye su tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.