Wajen Karatun Ɗalibi: Gidan Gahawa a Montreal, Fadar Shayi a Agadez

A Montreal ta ƙasar Kanada, inda nake karatu, daga cikin shawarwarin farko da tsofaffin ɗalibai ke ba sabon zuwa akwai cewa ya nemi gidan gahawar da zai riƙa zama. Da gaske suke, ba raha ba ce. Birnin na da manyan jami'o'i huɗu, McGill da Concordia da UQAM da Jami'ar Montreal, kuma kowaccensu waɗannan shaguna sun kewaye ta. In jarrabawar Disamba ta ƙarato, ka leƙa ɗaya daga cikinsu a unguwar Côte-des-Neiges, za ka tarar kowane tebur da kwamfuta a buɗe, kowa ya toshe kunnuwansa, gahawar ta huce a gefe ba a ko tuna da ita ba. Mutum talatin a ɗaki ɗaya, babu mai ce wa wani uffan.

Zaɓen wurin yana da ƙa'idojinsa, kuma ɗanɗanon gahawar shi ne na ƙarshe a lissafi. Abin da ɗalibi ke fara dubawa da ya shiga shi ne jikin bango: ina wajen saka caji, kuma guda nawa ne? Sai ƙarfin intanet, sai faɗin tebur, sai ƙarfe nawa ake rufewa. Ƙananan shagunan unguwa sun fi natsuwa, mai shagon yakan gane fuskarka har ya san abin da kake sha, amma kujerunsu kaɗan ne, da yawansu kuma kafin magariba sun rufe. Wasu sukan hana buɗe kwamfuta ranakun Asabar da Lahadi, don mai kofi ɗaya kada ya tare tebur wuni guda masu cin abinci suna tsaye. Manyan kamfanoni irin su Tim Hortons da Starbucks sun fi daɗewa a buɗe, sai dai su ma ba sadaka suke yi ba: a watan Janairun 2025 Starbucks ya soke tsarinsa na barin kowa ya zauna ko bai sayi komai ba. Kofi ɗaya kan kai dalar Kanada huɗu ko biyar, wajen jaka biyu ke nan a kuɗin sefa, ban da ɗan ihsanin da ake bar wa ma'aikata. Kuma kunya ba za ta bar ka ka wuce awa biyu ko uku ba ka ƙara sayen wani abu ba. Hayar kujera ce mutum ke biya, gahawar shaida ce kawai.

Me ke fitar da ɗalibai daga ɗakunansu? Sanyi da duhu da kaɗaici. A Disamba ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi, a Janairu sanyi kan kai digiri ashirin ƙasa da sifili, ba mai iya zama a waje. Ɗakin haya ƙarami ne, gado na kusa da tebur yana kiran mutum. Akwai ɗakunan karatu masu kyau, kamar babban ɗakin karatu na lardin Kebek da aka buɗe a 2005, amma wasu shirun can ya yi musu yawa. Wani bincike da Ravi Mehta da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa matsakaiciyar hayaniya, kimanin desibel 70, takan taimaka wa aikin da ke buƙatar ƙirƙira fiye da wuri mai tsit. Dangantakar gahawa da raya dare kuwa tsohuwa ce, kuma daga wajen Musulmi ta faro: Sufayen Yaman ne suka riƙa shanta a ƙarni na 15 don kada barci ya ɗauke su wajen zikiri, tun kafin a buɗe gidan gahawa na farko a Landan a 1652.

A Agadez wannan tambaya ta wane shago zan zauna ba ta ma tasowa. Muna da mai shayi, da teburinsa da bencinsa da gwangwanayen madara a jere, ana soya ƙwai ana kaɗa Nescafé. Amma wajen karyawa ne, ka sha ka tashi ka ba wani wuri. Wanda ya shimfiɗa littattafai a teburin mai shayi, kowa zai juyo ya dube shi. Gidajen abincin da ke da sanyi da intanet kuwa, na ma'aikatan ƙungiyoyi ne da baƙi, aljihun ɗalibi bai kai can ba.

Ɗalibin Agadez mutane yake zaɓa, wurin ya biyo baya. Tun farkon shekara 'yan aji ɗaya ke haɗa kansu, biyar ko shida, a tabbatar akwai mai ƙarfi a lissafi, akwai wanda ya iya kimiyya, akwai wanda rubutunsa ke karantuwa kuma ba ya fashin aji. Daga nan sai a duba gidan wa ke da zaure, ko ƙofar gidan wa ke da ƙwan lantarki, kuma mahaifin wa ba zai damu da hayaniya ba. A Dagmanet ko Toudou ko Sabon Gari, in ka ga an shafa baƙin fenti murabba'i a jikin katanga, ko an jingine allon katako, to fadar 'yan jarrabawa ce. Bayan isha'i ake haɗuwa. A shimfiɗa tabarma, a jawo benci, ƙaramin cikinsu ya hura gawayi a ɗan murhun waya ya ɗora buta. Ɗaya ya miƙe da alli a hannu ya fara warware tambayar jarrabawar bara, sauran suna binsa da ido. Da ya kauce sai ka ji an ce, "Tsaya, abokina, ina ka kai alamar ragi?" Ya dawo ya goge da gefen hannu. Can gefe mai shayin yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tashi. Shayin farko da ɗaci, shi ke korar barci. Kafin a kai na uku an gama babi guda. Kuɗin kofi ɗaya na Montreal zai ishi wannan fada ganyen shayi da sukari da gawayi na kwana da kwanaki, kuma karo-karo ake yi, wanda ba shi da shi yau ba a tambayarsa.

Yanayi ne ya tsara wannan, kamar yadda ya tsara na Kanada. Jarrabawar BEPC da ta bakaloriya suna zuwa ne bayan watannin bazara, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40. Ɗakin laka yakan yi sanyi da rana, amma da dare sai ya amayo zafin da ya sha, na kwano kuwa ba a magana. Dole a fito waje. Lantarkin yankin daga tashar kwal ta Anou Araren kusa da Tchirozérine yake zuwa, wadda ta fara aiki a 1981, kuma garin ya ninka girmansa tun daga lokacin. In wuta ta ɗauke, sai a koma fitilar salula, ko a nufi bakin titi inda fitilu masu aiki da hasken rana suke. A nan ne za ka ga masu hadda, kowa da littafinsa, yana kai da komowa ƙarƙashin haske yana maimaita darasin tarihi ko falsafa a fili. Wannan ɗabi'a daga makarantar allo muka taho da ita, inda karatu da murya ake yin sa.

In aka tambaye ni wanne ya fi koyarwa, fada zan ce, kuma ba don son gida ba. Wanda ya tsaya gaban abokansa ya bayyana abu da bakinsa, nan take ake gane ko ya fahimta ko haddacewa kawai ya yi. A gidan gahawa mutum na iya shafe awa huɗu yana kallon shafi, yana leƙa waya, ya tashi yana jin ya yi aiki, babu wanda zai gwada shi. Na ga ɗalibai a nan suna biyan kuɗi don a yi musu bitar da a Agadez aboki ke yi wa aboki kyauta. Har ila yau akwai abin da ke sosa mini rai a duk lokacin da salla ta yi: sai ka juya ga wanda kuka yi awa uku kafaɗa da kafaɗa, ba ka san sunansa ba, ka ce don Allah ya duba maka kayanka, ka fita neman lungun da za ka yi salla. A gida kiran salla ne ke raba zaman, a tashi tare a dawo tare.

Amma fada na da nata ciwon. Ƙofar gida hanya ce, duk wanda ya wuce sai ya yi sallama, sai an amsa, in babba ne a gaishe shi da kyau. Wani ya ce "sannunku da karatu, Allah ya ba da sa'a" ya wuce, wani kuma ya nemi gefen benci ya jira shayi. Daga nan sai gardamar Barça da Real ta shigo, ko a fito da karta, alli ya koma aljihu. Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda kan fadojin Nijar a 2019, inda ta nuna yadda suka zama mafakar samarin da suka rasa aiki, kuma tsakanin fadar karatu da fadar kashe lokaci tazarar ba ta da yawa. Sannan akwai karatun da ba ya yiwuwa cikin taro. Ɗalibin jami'a da zai karanta shafi hamsin, ko ya rubuta kundin kammala digiri, yana buƙatar tebur da kujera da wutar da ba za ta yanke ba, da awa uku da ba wanda zai kira sunansa. A wannan, gidan gahawa ya fi mu nesa ba kusa ba.

Babban bambancin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 'yan mata. A shagunan Montreal, in ka ƙirga masu karatu, sau da yawa mata sun fi yawa, har da masu hijabi 'yan Maroko da Aljeriya da Senegal, kowace da teburinta, ba mai ɗaga kai ya dube ta. Fadarmu ta maza ce. Yarinyar da ke shirin bakaloriya a Agadez ba za ta zauna ƙofar gida har sha biyun dare ba, ba kuma za ta je ƙarƙashin fitilar titi ba. Karatunta a tsakar gida ne, bayan ta gama wanke-wanke, ƙannenta na hawa kanta, talabijin na kunne. In ta yi sa'a ƙawaye biyu su zo da la'asar. Jarrabawa ɗaya za su zauna da yayanta, amma shi yana da allo da abokai biyar da dare guda, ita tana da abin da ya rage. Duk wanda ke yabon fada, kamar yadda nake yi, ya kamata ya faɗi wannan a fili.

Ba na ganin Agadez na buƙatar kwaikwayon shagon da kofi ɗaya ke cin jaka biyu. Garin na da makarantar ma'adinai ta EMAIR, yana da jami'a tun 2014, ɗalibai na zuwa daga Arlit da Ingal da Bilma da sauran sassan ƙasa, wasunsu ba su da ƙofar gidan da za su kafa allo. Abin da ya dace da su ɗaki ne a kowace babbar unguwa, ginin laka mai kauri irin wanda maginanmu suka gwanance a kai, da faifan hasken rana a rufi, da fanka da tebura da wajen caji. Ɓangare ɗaya na shiru, ɗaya mai allo inda za a yi gardama, da sashen mata da wata dattijuwar unguwa za ta riƙa kula da shi don iyaye su saki jiki. Mai shayi ya kafa teburinsa a bakin ƙofa, shi ma ya samu ciniki.

Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, laka ma haka. Ga magajin gari da masu unguwanni, da 'yan kasuwar Agadez da ke gina masallatai da shaguna, da mu da ke waje muna aika kuɗi gida, roƙona shi ne a fara da ɗaki ɗaya kafin bazara mai zuwa, kuma a fara da na 'yan mata.